Faɗuwar Tsofaffi: Amfanin Sanda da Taimakon Tsara

Garin Kangire yana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, a kudancin Jihar Jigawa, yankin da ya yi maƙwabtaka da ƙasar Gwaram. Galibin mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, kuma duk harkarsu a ƙafa take: zuwa gona, zuwa kasuwa, zuwa masallaci, zuwa gaisuwar 'yan'uwa. A ɗauki misalin dattijo mai shekara 70 a irin wannan gari. Ya fito da asuba cikin damina zai yi alwala, sai ya taka wurin da gansakuka ta kama a bakin rariya, santsi ya kwashe shi. Aka ɗaga shi, aka duba, ba karaya, sai ƙujewa da tsamin jiki. Bayan mako 2 ciwo ya warke. Amma har aka yi wata 3 dattijon bai koma masallaci ba, bai leƙa majalisa ba, kuma ƙafafun da suka yi shekara 50 suna kai shi gona sun fara rawa in ya miƙe.

Abin tambaya shi ne, me ya raunana shi alhali ƙashinsa bai karye ba? Amsar tana cikin ilimin halittar jikin ɗan'adam, kuma ita ce ke nuna dalilin da ya sa sanda da abokan zama suke cikin magungunan faɗuwa.

Girman matsalar

Faɗuwa ba ƙaramar matsala ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun nuna cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa. Cikin haɗurran da ke kashe mutane, haɗarin hanya ne kaɗai ya fi ta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suke aukuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Tun a 2007 wani rahoton hukumar ya bayyana cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wato in dattawa 9 suka zauna a tabarma ɗaya, kimanin 3 daga cikinsu za su taɓa ƙasa kafin shekara ta zagayo.

Yadda jiki ke tsayawa

Mutum yana tsayawa ne a kan ƙafa biyu, jikinsa dogo, gindinsa ƙarami, kamar taɓaryar da aka kafa a tsaye. Abin da ke hana shi kifewa shi ne labarin da ƙwaƙwalwa ke samu ba fasawa daga wurare uku. Na farko ido, wanda ke nuna inda ƙasa take da inda bango yake. Na biyu can cikin kunne, inda akwai wasu 'yan bututu guda 3 masu lanƙwasa, cike da ruwa. In kai ya juya, ruwan sai ya motsa ya lanƙwasa wasu ƙananan gasu, su kuma su aika saƙo. Na uku shi ne jijiyoyin ji da ke tafin ƙafa da gaɓoɓi da tsokoki, masu sanar da yadda kowace gaɓa take a kowane lokaci. Wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya shi ke haɗa waɗannan labarai, ya umarci tsokoki su gyara tsayuwa tun kafin mutum ya farga.

Ɗalibi zai iya gwada wannan a aji. Ya tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, abokinsa na ƙirga daƙiƙoƙi, sannan ya sake gwadawa idonsa a rufe. Zai ga lokacin ya ragu ƙwarai, domin an ɗauke wa ƙwaƙwalwa ɗaya daga cikin masu kawo mata labari.

Tsufa yana taɓa dukan ukun. Yanar ido tana rage gani, gasun cikin kunne suna raguwa, ciwon suga kan kashe jin tafin ƙafa. Tsoka ma tana zaizayewa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10 bayan mutum ya wuce 30, kuma abin ya fi sauri bayan 60. Akwai kuma jirin da kan kama mutum in ya miƙe farat ɗaya daga kwance ko daga zaune, saboda jini ya taru a ƙafafu bai isa ƙwaƙwalwa da wuri ba. Wasu magungunan hawan jini da na barci sukan ƙara wannan jiri.

Ƙashi kuwa abu ne mai rai. Kullum wasu ƙwayoyin halitta suna rushe tsohon ƙashi, wasu suna gina sabo. Wajen shekara 30 ƙashi yake cika ƙarfinsa, daga nan rushewa ta fara rinjayar gini. Mata sun fi shan wahalar wannan bayan ɗaukewar al'ada, don haka faɗuwar da za ta bar namiji da targaɗe tana iya barin tsohuwa da karayar wuyan hannu ko ta kwatangwalo.

Sa'o'in farko

Wanda ya faɗi bai kamata a finciko shi sama da gaggawa ba. A fara tambayarsa inda ke masa ciwo. In ya kasa taka ƙafa, ko yana jin zafi a matsematsi, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, to alamar karayar kwatangwalo ce. Wannan karaya tana can cikin nama, inda karan ɗori ba ya iya riƙewa, kuma mafi yawanta sai an yi aiki. Binciken ƙasashe da dama ya nuna cewa wajen mutum 1 cikin 4 ko 5 na tsofaffin da suka samu irin wannan karaya ba sa cika shekara, yawanci saboda cututtukan da doguwar kwanciya ke jawowa. Mutanen Kangire da Gwaram suna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Hoton ƙashi ne ke raba gardama tsakanin targaɗe da tsagewa da karaya.

Haka kuma wanda ya bugu a ka, in ya shiga amai, ko magagi, ko ruɗewa, ko ɓarin jikinsa ya yi sanyi, sai a garzaya da shi asibiti, ko da bayan kwanaki alamun suka bayyana, domin jini kan taru a hankali a cikin ƙoƙon kan tsoho.

In babu ko ɗaya daga waɗannan, akwai hanyar tashi da ya kamata kowane dattijo ya koya tun kafin ya buƙace ta. Ya mirgina ta gefe, ya ɗago a kan gwiwoyi da tafin hannu, ya rarrafa zuwa abu mai ƙwari kamar gado ko dakali, ya dafa shi, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi, ya miƙe a hankali, ya juya ya zauna. Daɗewa a ƙasa fiye da awa 1 yana da haɗarin kansa, musamman a sanyin hunturu ko a zafin bazara.

Tsoro da kwanciya

A 1982 wasu likitoci biyu a Ingila, Murphy da Isaacs, suka bayyana wani hali da suka lura da shi ga tsofaffin da suka faɗi: ba su karye ba, amma sun kasa tafiya sai suna cafke duk abin da ke kusa, jikinsu na ɓari. Bahaushe ya riga ya san tushen wannan, domin ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Tsoron da kansa ba laifi ba ne, abin da yake haifarwa ne illa. Mai tsoro yakan rage tafiya, iyalinsa kuma, saboda tausayi, su ce, "Baba, yi zamanka, za a kawo maka." A kawo ruwa, a kawo abinci, a hana shi zuwa ko'ina. Jiki kuwa ba ya ciyar da tsokar da ba ta aiki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 a gado, aka tarar a matsakaici mutum ɗaya ya yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Ƙashi ma haka yake. Tun a 1892 wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya nuna cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa, in an daina ɗora masa sai ya yi laushi.

To ga yadda abin ke zagayawa: faɗuwa ta kawo tsoro, tsoro ya kawo zama, zama ya kawo rauni, rauni ya sake kawo faɗuwa. Abin da ya sami dattijon da aka buga misali da shi ke nan. Ana iya tsinke wannan zagaye a wurare biyu. Sanda tana taimakon jiki, tsara kuma suna taimakon zuciya.

Kimiyyar sanda

Sanda tana yin aiki uku. Tana faɗaɗa gindin tsayuwa, domin mai ƙafa biyu ya zama mai uku, kamar murhu. Tana ɗauke wani ɓangare na nauyi, har kimanin kashi 25 cikin 100 na nauyin jiki. Sannan tana zama ƙarin mai kawo labari, domin hannu yana jin yanayin ƙasa ta cikinta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe sanda a ɓangaren ƙafa mai ciwo. Daidai shi ne a riƙe ta a ɗaya hannun. Wanda ya san jigon ban ruwa zai gane dalili, domin a jigo, dogon ɓangare ba ya buƙatar ƙarfi da yawa kafin ya rinjayi gajere. Duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafar hagu yana tafiya, nauyinsa yana neman karkatar da ƙugu zuwa hagu. Tsokokin gefen kwatangwalon dama ne ke janyo shi, kuma da yake suna dab da gaɓar, wato a gajeren ɓangaren jigo, dole su ja da ƙarfi sosai. In aka haɗa jansu da nauyin jiki, abin da ke danne kan gaɓar yakan kai ninki biyu da rabi zuwa uku na nauyin mutum. Mai kilo 60 yana ɗora wa gaɓarsa kilo 150 zuwa 180 a kowane taku. Sandar da ke hannun hagu tana nesa da gaɓar dama, a dogon ɓangaren jigo, don haka ɗan dannawa kaɗan ya isa ya sauƙaƙa wa tsokokin. Wannan bayani ne wani likitan ƙashi a Amurka, Walter Blount, ya yi a 1956, yana gargaɗin likitoci da marasa lafiya kada su raina sanda.

Tsawon sanda ma yana da ƙa'ida. Mutum ya tsaya da takalminsa, ya saki hannuwansa, mariƙin sanda ya zo daidai wuyan hannu, yadda in ya riƙe ta gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Doguwar sandar kiwo tana da amfani a daji, amma ba a iya danna ta daga sama, saboda haka kwagiri mai lanƙwasa ya fi dacewa da mai raunin ƙafa. A sa wa gindinta roba, ko da guntun tayar mota ne, don kada ta zame a siminti. Wajen tafiya, sanda da ƙafa mai ciwo su tafi tare. Wajen hawa dakali ko tsallake dokin ƙofa, lafiyayyar ƙafa ce a gaba, wajen sauka kuwa sanda da mai ciwo su fara.

In sanda ba ta isa ba, akwai na gaba da ita. Sandunan hammata na wanda aka hana taka ƙafa ɗaya ne. A bar tazarar yatsu 2 zuwa 3 tsakanin hammata da kan sandar, nauyi kuma ya sauka a tafin hannu, domin danne hammata yana iya matse jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu har hannun ya saki. Madogara mai ƙafa huɗu ta fi kowanne riƙo, amma tana son daɓe mai laushi, ba ta jin daɗin rairayi da kunyoyin gona. Keken guragu na wanda tafiya ta gagara ne, ko na mai nisan zango. Ma'aikatan gashi da motsa jiki na asibiti, waɗanda ake kira likitocin fisiyo, su ne ke auna wa mutum abin da ya dace da shi. Samun waɗannan kaya kuwa matsala ce ta duniya: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar wani kayan taimako, daga tabarau zuwa keke, kuma kusan biliyan 1 ba su samu ba. Abin farin ciki shi ne kafinta da maƙeri da mai walda na ƙauye za su iya yin mafi yawan kayan tafiya in an ba su awo daidai.

Maganar wanda ya taɓa faɗuwa

Sau da yawa ana sayen sanda ta ƙare a bayan ƙyaure. Dattijon da aka sani da ƙarfi yana jin kunyar a gan shi yana dogarawa, tsohuwa kuma ba ta son kishiya ko suruka ta ce ta gama yayi. In ɗa ko jika ya yi magana, sai a ce yaro bai san komai ba. Amma in tsaransa ne, wanda suka yi kaciya tare, ya shigo zaure da kwagirinsa ya ce, "Malam, ni ma na faɗi bara, ga abin da ya mayar da ni kasuwa," maganar takan shiga. Wanda ya ga irinsa ya iya abu, shi ma yakan yarda zai iya, kuma wannan yarda ita ce ke sa ƙafa ta fara motsi.

An gwada wannan a kimiyyance. A birnin Sidni na Ostireliya, Lindy Clemson da abokan aikinta sun tara tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama waɗanda suka taɓa faɗuwa ko suke tsoronta. Suna haɗuwa ƙungiya-ƙungiya sau ɗaya a mako har mako 7, tare da ma'aikacin lafiya, suna motsa jiki, suna ba juna labarin yadda suka faɗi da dabarun da suka samo. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna faɗuwa ta ragu da kashi 31 cikin 100. Wani nazari na 2010 kuma, wanda ya tattara bincike 148 a kan mutum sama da 300,000, ya gano cewa masu ƙarfin hulɗa da jama'a sun fi waɗanda ke zaman kaɗaici damar tsawon rai da kimanin kashi 50 cikin 100.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Tun da daɗewa garuruwa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, masu kula da al'amuran 'yan'uwansu. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada, wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, ya jagoranci ƙungiyar waɗanda cutar ta taɓa, suka buɗe wurin ƙera kekuna masu taya 3 da ake tuƙawa da hannu. Masu hawa keken su ne masu ƙera shi, don haka sun san inda yake takura da inda yake karyewa. A Jigawa ma, gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu alawus na wata-wata a 2007. Kuɗi da doka suna da muhimmanci, amma ba su ne ke zuwa ƙofar gida da la'asar su ce a fito a taka ba. Wannan aikin maƙwabci ne.

A gari irin Kangire ba sai an kafa sabon abu ba. Akwai dubiya, akwai majalisar dattawa, akwai sahun masallaci, mata kuma suna da biki da suna da makarantar Islamiyya da adashi, kuma an san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da ake buƙata shi ne a ɗan sauya salon dubiya. Bayan an ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi, sai mai dubiya ya raka mai jiki zuwa zaure yau, gobe zuwa ƙofar gida, jibi zuwa masallaci. A ajiye kujera a ƙarshen sahu don wanda ruku'u da sujada suke wa wuya. Waɗanda suka taɓa faɗuwa su riƙa zama tare suna motsa jiki mai sauƙi: tashi daga kujera a koma sau 10, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, tafiya ana ɗora dunduniyar ƙafa a gaban yatsun ɗayar. Wani babban nazari na 2019 ya nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi 23 cikin 100.

Taimakon tsara yana da iyaka. Aboki ba likita ba ne. Bai kamata ya raba wa wani ƙwayoyinsa ba, ko ya ba shi sandar da ba awonsa ba, ko ya ce a bar zuwa asibiti. Aikinsa rakiya da ƙarfafa gwiwa, da lura da wanda aka kwana biyu ba a gani ba.

Aikin ɗalibai da malamai

Ɗalibin sakandare yana iya yin abubuwa uku a gidansu. Na farko ya zagaya gida da idon mai bincike: santsin makewayi da wurin alwala, gefen tabarma da ya naɗe, igiyar dabbobi a tsakar gida, dokin ƙofa mai tsawo, silifa da ya siɗe, hanyar makewayi da ba fitila. Turke mai ƙwari a gefen masai yana taimakon mai tsugunno ya miƙe. Na biyu ya lura da abincin kakanninsa: wake, gyaɗa, awara, ƙwai da kifi don tsoka, nono, riɗi, zogale da miyar kuka don sinadarin kalsiyam na ƙashi, da ɗan zama a hantsi don bitamin D. Na uku ya yi gwajin da likitoci ke amfani da shi tun 1991. Dattijo ya zauna a kujera, a auna mita 3 a gabansa, ya tashi ya je ya juyo ya zauna, wani na tafe a gefensa. In abin ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, alama ce yana cikin haɗarin faɗuwa, sai a kai shi a duba idonsa da jininsa da magungunan da yake sha.

Kammalawa

Faɗuwa takan ɗauki daƙiƙa ɗaya, amma abin da aka yi a makonnin da suka biyo baya shi ke yanke ko dattijo zai koma kan ƙafarsa. A fara da asibiti don a tabbatar ba karaya. Daga nan a samo sanda daidai awonsa, a koya masa hannun da zai riƙe ta. Sannan tsaransa, musamman waɗanda suka taɓa faɗuwa, su zo su fito da shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ga tsohon da ya faɗi, ƙafar ma da zumunta take samun ƙarfi.